Ɓeran Ƙaya da Gidan Jatau

Ku samarin yanzu kuna ganin kamun ɓera ba sana'a ba ce. A ganinku mutum ya je kasuwa ya sayo tarkon ƙarfe ko ƙullin guba, ya ajiye a lungu, shi ke nan an gama. Ni da na yi shekara arba'in da 'yan kai ina wannan aiki a ƙauyukan arewacin Kano, tun zamanin Turawa, ina gaya muku cewa kisan shi ne abu mafi ƙanƙanta a cikinsa. Aikin shi ne ka san wanda ya yi ɓarnar. Wanda bai san haka ba zai kashe dabba ɗari, hatsi kuma ya ci gaba da raguwa a rumbu.

Aikin farko da na bi kawuna Tanko, ƙanin mahaifiyata, wani rumbun dawa ne a bayan Minjibir. A lokacin har na yi aure, ina ganin na san duniya. Na ɗauko tarkuna cike da kwando, amma Kawu bai bari na ɗana ko ɗaya ba. Toka ya nema a wurin uwargida, ya tankaɗe ta da rariya kewaye da gindin rumbun bayan la'asar, muka tafi. Da safe ya tsuguna, ya ce da ni, "Idi, karanta mini."

Na ce, "Kawu, ɓera ne."

Ya ce, "Jakin maigida ma ya san ɓera ne. Wanne?"

Sai ya nuna mini sawu iri uku a kan tokar. Akwai babba mai jan wutsiya a tsakiya, na gafiya. Akwai ƙanana masu yawa da suka nufi wata tsaga a yaɓen rumbun, su ne masu laifin. Na ukun na jaɓa ne. Maigida ita yake so a kashe, saboda warinta da kukanta sun dame shi. Kawu ya ce masa jaɓa ƙwari take ci, ba ta taɓa dawa, kuma inda take yawo ɓera ba ya sakewa. Shekara guda na yi ina karatun toka da kashin ɓera da irin cizon da ke jikin zangarniya kafin a ba ni izinin ɗana tarko ni kaɗai.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma da hannunmu muke yin su. Akwai tarkon baka, wanda ake yi da reshen geza da tsarkiya, shi na kisa ne nan take. Akwai tulu mai santsin ciki da ake binnewa har wuya, a shafa man gyaɗa a bakinsa, a ɗora faifai mai juyawa. Akwai kuma tarkon gora, wanda na fi ji da shi. Ana yanke bakin goran, a ɗaura masa murfin itace da tsarkiya, a soke ƙuli-ƙuli a tsinke can ciki. Da zarar dabba ta ja tsinken sai murfi ya rufe, ka same ta da rai, ka dube ta a tsanake. Sai aska ƙarama ta buɗe ciki, domin tumbin dabba yana nuna abin da ta ci jiya. Ba a taɓa tarko da hannun da ya taɓa albasa ko taba, kuma ba a ɗana sabon gora sai ya kwana biyu a cikin ƙaiƙayi ya ɗauki ƙanshin gidan.

Masu kiranmu kuwa iri-iri ne: manoma, 'yan kasuwar gyaɗa masu jibge buhuna kafin mota ta zo, mata masu daddawa. Abu ɗaya ya haɗa su. Ban taɓa shiga gidan da maigida ya ce ɓerayen nasa ne ba. Kullum daga gidan maƙwabci suke zuwa. In kana son gaskiya, tsohuwar gidan za ka tambaya, ita ta san ramin da aka toshe da tsumma tun bara.

Akwai wani ɓera da yawancinku ba ku taɓa gani ba, ko da an haife ku kusa da shi. Muna ce masa ɓeran ƙaya, wasu kuma ɓeran dutse. Girmansa bai wuce na ɓeran ɗaki ba. Bayansa ja-ja ne mai duhu, cikinsa fari fat, kunnuwansa manya. Daga tsakiyar baya zuwa gindin wutsiya gashinsa yana da tauri, in ka shafa shi daga baya zuwa gaba sai ka ji kamar ka taɓa ƙarangiya. Amma ƙayar ba ta kai ta bushiya ba, kuma ba ya dunƙulewa. Ba ya haƙa rami, ba ya tara ciyawa ya yi sheƙa. Tsagar dutse ce gidansa, wani lokaci tsohon suri. Yana cin 'ya'yan ciyawa da gara da fara da dodon koɗi. Dutsen da bai ga ɗigon ruwa ba tun kaka har bazara, sai ka same shi a can sumul, kamar wanda ake yi wa kiwo.

Ranar da na fara kama shi, na sa hannu cikin gora na damƙe shi ta baya yadda ake yi wa kowane ɓera. Sai na ga fata a hannuna, dabba kuma tana gudu a ƙasa. Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ka samu naka, shi ma ya tafi da nasa."

Haka Allah ya yi shi. Fatarsa ba ta da ƙarfi, in mujiya ko maciji ya cafke shi sai ya bar masa abin da ya kama. In wutsiya aka riƙe, fatarta ce take zarewa kamar an zare wuƙa daga kube, sauran ƙashin ya bushe ya faɗi bayan 'yan kwanaki. Wutsiya ba ta dawowa, amma raunin baya yana warkewa yadda ban taɓa gani ga wata dabba ba. Na ajiye wani a tulu don in gani da idona. Cikin kwana uku raunin ya tsuke ya bushe. Bayan kamar wata guda gashi ya rufe wurin, har da ƙayar, babu tabo.

Haihuwarsa ma daban ce. Macen ɓeran rumbu cikin mako uku take yi, ta haifi goma ko fiye, jajaye, ba gashi, ido a rufe. Ta ƙaya kuwa tana wuce wata guda da ciki, ta haifi biyu ko uku, da gashinsu, idonsu a buɗe, kwana kaɗan suna bin ta. Matan suna shayar da 'ya'yan juna. Na san wani zai ce mene ne amfanin sanin wannan ga mai tsaron rumbu. Ga amfaninsa.

Shekarar da ta fi kowace wuya a aikina ta zo bayan rasuwar Kawu. Damina ta yi kyau, ciyawa ta yi 'ya'ya, kaka ta yi albarka, sai ɓera ya yi yawa irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Kafin rani ya raba sun fara shiga irin shuka. Sai umarni ya zo daga sama, an ce Baturen lafiya yana tsoron cuta: kowane magidanci ya kai wutsiyar ɓeran da ya kashe ƙofar dagaci, ya kuma faɗi inda ya kama shi.

Abin ya faru a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, domin jikokin mutanen suna nan. A gabas da garin akwai dutse, a gindin dutsen kuma akwai gidan wani dattijo Bamaguje mai suna Jatau. Gandu ne babba, shi da ƙannensa da 'ya'yansu da jikoki. Kaburburan iyayensa suna nan, gonakin da suka zuba wa taki tun kakanni suna kewaye da gidan, kuma a kan dutsen suke yin al'adarsu ta farkon damina.

An aiko wani malami daga gunduma, Malam Habu, ya zauna yana rubuta wutsiyoyi da wuraren da aka samo su. Malam Habu ba mugu ba ne, abin da aka faɗa masa yake rubutawa. Amma kowa a garin ya san cewa gidan da aka rubuta da ɓera, duba-gari zai shige shi har ɗakin mata, ya leƙa randa, ya ɗaga gado. Ba magidancin da yake son haka. Saboda haka duk wanda ya zo da wutsiya aka tambaye shi, sai ya ce, "A dutse." Wasu ma da gaske dutsen suka je, don sun gane cewa a can ɗaga dutse kawai za ka yi ka taka wutsiya, ta zo hannunka ba wahala. Mutum ɗaya ne ya faɗi gaskiya. Da aka tambayi Jatau, sai ya ce, "A rumbuna."

To, ku duba abin da takarda ta nuna: gari guda, gida ɗaya tak mai ɓera, kuma a gindin dutsen da duk sauran suke fitowa. Amsa ta dawo cewa a ƙone sarƙaƙiyar dutsen, gidan Jatau kuma ya tashi kafin ruwan farko, ya koma wani fako a yamma da gari inda ko ƙaya ba ta fita da kyau. A bakin rijiya kuma aka fara cewa ai da ma Jatau kiwonsu yake yi, shi ya sa ake samun wutsiya ba gangar jiki.

A kasuwar Ɗanbatta Jatau ya same ni, ina zaune da tarkunana. Dogo ne, da sanda, da fata a kafaɗa.

Ya ce, "Kai ne Idi na Tanko?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"An ce ɓerayena sun cinye gari."

"Naka ne?"

"Haka takarda ta ce. Ni ban san ina da dukiya haka ba, da na tsaga musu kunne kamar awaki. Zo ka duba. In nawa ne ka faɗa a gaban kowa, in kwashe iyalina."

Da na isa garin, Dagaci ya ba ni kwana uku, domin ranar Alhamis Malam Habu zai koma da takardar ƙarshe. Na roƙi abu ɗaya, a bar ni in ɗana tarko a rumbunan cikin gari, in fara da nasa.

Ya ce, "Nawa? Ai gidana ba ɓera."

Na ce, "Shi ya sa, ranka ya daɗe. In aka ga an fara da gidan da ba komai, kowa zai yarda a shiga nasa."

Ya dube ni, sannan ya ce a buɗe mini ƙofa.

Na raba gorunana biyu, rabi a tsagogin dutse, rabi a gindin rumbuna bakwai na cikin gari. Kowace la'asar in tankaɗe toka in ɗana, kowace safiya in kwashe. A kan dutse ɓeran ƙaya kawai na samu, kuma ba su da yawa. A cikin gari ko ɗaya ban samu ba, sai masu laushin gashi, wasu gorunan har biyu-biyu. Na buɗe tumbin na dutsen, na ga gara da ƙafafun fara da 'ya'yan ciyawa. Ɗaya dai na samu da gero a cikinsa, wanda na kama kusa da rumbun Jatau, kuma na ƙudura zan faɗi haka, domin ban zo in ce ɓeran ƙaya waliyyi ne ba. Ran Laraba na yi sa'a biyu. Wata ta ƙaya da na kama da tsohon ciki ta haihu a tulu, sannan na haƙo wata uwa da 'ya'yanta a ƙarƙashin wani rumbu. A ranar kuma na ga an jibge kara a gindin dutse don ƙuna, Jatau ma ya sa an sauke jinkar ɗakuna biyu. Bai yarda takarda tana juyawa ba.

Alhamis da hantsi aka taru a gindin ceɗiyar ƙofar dagaci. Na jera kayana, na faɗi abin da na samu. Malam Habu ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Bari in ga wannan na dutsen da hannuna."

A nan na yi kuskure. Kamata ya yi in faɗi halin fatar dabbar kafin in kwance murfi, amma hankalina yana kan tumbi da sawu. Kafin in buɗe baki ya zura hannu ya kamo ta ta wutsiya, ya tallabe bayanta da ɗaya hannun. Dabba ta fizge. Ya tsaya da fata a hannun hagu, wutsiya a hannun dama, ita kuwa ta ratsa tsakanin ƙafafun jama'a ta shige zauren dagaci.

Wuri ya ruɗe. Wani ya ce, "A'uzubillahi!" Wani ya ce, "Kun gani ko? Ya tuɓe riga ya ɓace!" Wani daga baya ya ce, "Tun kakannin Jatau suke ajiye da su." Jatau yana nan tsaye, dogare da sandarsa.

Na ɗaga murya na ce, "Malam, kada ka yar da abin da ke hannunka. Matsa shi. Da ƙashi a ciki?"

Ya matsa, ya ce, "Babu. Fanko ne."

Na roƙi a kawo kwandon wutsiyoyin da aka tara, na zazzage su a tabarma, na shiga warewa. Masu fanko irin ta hannunsa na tara su gefe, ba su cika tafin hannu biyu ba. Sauran suka yi tsibi, kowace da ƙashinta, da yankan wuƙa a gindi.

Malam Habu ya ce, "Ai ana iya kashe na dutsen a yanke da wuƙa."

Na ce, "Ana iya, Malam. Ga ta wanda na kashe jiya, ga ta rumbu. Dubi tsawo, dubi kaurin ɓawon da ke jiki." Ya ɗauki biyun, ya riƙa gwada su da na cikin tsibin ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada wajen ashirin, sannan ya daina.

Sai na buɗe tuluna biyu na kira dattawa su leƙa. A ɗaya ga ta ƙaya da 'ya'ya biyu masu gashi, suna kallon mutane. A ɗayan ga uwa mai laushin gashi, nonuwa jere tun daga ƙirji har cinya, da 'ya'ya goma sha biyu jajaye. Na ce, "Mai haihuwar biyu ba ta cika gari a rani ɗaya. Wannan ce take cika shi, kuma ba ta hawa dutse neman gara alhali ga gero a kanta."

Malam Habu ya gyara alƙalami, ya ce, "Mai goma sha biyun, a ina ka same ta? Dole in rubuta wuri."

Na dubi Dagaci. Ya ce, "Faɗa masa mana, Mai Tarko."

Na ce, "A gindin rumbunka na tsakiya, ranka ya daɗe."

Dagaci ya shafa gemu, ya sake leƙa tulun, ya ce, "Har goma sha biyu a gidana, ba wanda ya kawo mini goron suna?"

Dariya ta ɓarke, har da waɗanda suka yi a'uziyya. Da ta lafa sai Dagaci ya ce, "Malam, gyara takardarka. Wutsiyoyin gidana ma dutse aka ce, kuma ni na ce a faɗi haka." Sarkin fawa ya ce nasa ma a ɗakin ajiya ya kama. Wani ya ce shi a bayan randa. Wasu dai suka sunkuyar da kai, ba a matsa musu ba.

Malam Habu ya ce, "Ranka ya daɗe, in na rubuta haka, duba-gari zai shiga kowane gida a garin nan."

Dagaci ya ce, "Ya shiga. Ya fara da nawa. Mata su taru a ɗaki ɗaya har ya fita. Mutumin nan shi kaɗai ya faɗi gaskiya, ba za a tashe shi a kanta ba."

Duba-gari ya zo bayan mako biyu, kuma ba wanda ya ji daɗin zuwansa. Ni ma na yi kusan wata a garin muna sake yaɓen rumbuna, muna ɗaga gindinsu, muna kwashe irin shuka zuwa tuluna masu murfin laka. An yi asarar hatsi, amma iri ya kai damina.

Wannan duk daga baya ne. A ranar kanta, bayan la'asar, mazan gari suka tafi gindin dutse don su mayar wa Jatau jinkar ɗakunansa. Jinka ba ta ɗaguwa sai da mutum goma, kuma an samu fiye da haka. Jatau yana tsaye yana ba da umarni, a matsa dama, a sauke a hankali, ɗakin uwargidansa ne. Da ta biyu ta zauna daidai a kan bango, sai ga Dagaci ya iso a ƙafa don ya gani. Jatau ya rusuna ya gaishe shi, sannan ya miƙe.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai ɓerana guda a zaurenka, marar wutsiya. Gara yake so da fara. In ya ci maka gero ka aiko da ƙara, ina nan inda ka san ni."